Ruwa da ragowar makamashin nukiliya a ƙarƙashin ƙasa

A karatun binne ragowar makamashin nukiliya, duk lissafi yana komawa kan tambaya guda: ran da ruwa ya samu hanya ya kai ga makamashin, me zai faru? A Onkalo ta ƙasar Finlan an haƙa rami fiye da mita 400 cikin dutse don binne shi. Tsarin KBS-3 na kamfanin SKB na Suwidin kuma ya tanadi a sa makamashin a tukunyar jan ƙarfe mai kaurin santimita 5, cikinta baƙin ƙarfe, a lulluɓe da yumɓun bentonait. Duk da haka sai an ƙaddara cewa wata tukunyar za ta huje wata rana, kuma daidai ne a ƙaddara hakan.

Makamashin 'yan dunƙulaye ne baƙaƙe, kowanne bai fi kan ɗan yatsa ba, kusan kashi 95 cikin ɗari yuraniyom dayoksaid. A ruwan da babu oksijin, irin na can ƙasa, da ƙyar yake narkewa. Matsalar ita ce shi da kansa yake sauya ruwan da ya taɓa shi. Radiyeshin da yake fitarwa na tsaga ƙwayoyin ruwa, a samu haidurojin feroksaid da makamantansa. Feroksaid ɗin ya ci fuskar dunƙulen, ya mai da yuraniyom daga yanayin sinadarin da ake kira mataki na 4 zuwa wanda ake kira mataki na 6, mai saurin narkewa, balle in akwai bikabonet a ruwan. Yuraniyom na narkewa, duk gubar da ke daure a cikinsa ta samu sakewa.

Na koyi kada in karɓi sakamakon gwaji sai na tambayi shekarun makamashin. Sabon fitarwa daga injin nukiliya cike yake da radiyeshin bita da gamma daga sesiyom-137 da sitirontiyom-90, waɗanda ƙarfinsu ke raguwa da rabi duk bayan kimanin shekara 30. Bayan 'yan ɗaruruwan shekaru alfa ce ke rinjaye, daga fulutoniyom da amerisiyom, ita kuwa ba ta wuce 'yan gomman maikuromita a cikin ruwa (maikuromita dubu ne milimita ɗaya). Wanda ya jiƙa sabon makamashi a ruwan da iska ke shiga, ya ce haka abin zai kasance bayan shekara dubu goma, ya zuzuta haɗarin.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne aikin baƙin ƙarfen nan. Ruwan da ya huda tukunya sai ya fara bi ta kansa kafin ya isa ga makamashi. Ƙarfe ya yi tsatsa inda babu oksijin, ya saki iskar haidurojin mai yawa, ta taru a ruwan saboda matsin zurfi. A jikin makamashin kuma akwai ƙananan ɓurɓushin ƙarafa da fashewar yuraniyom ta haifar: molibdenom, ruteniyom, rodiyom, faladiyom. A kansu haidurojin ke yin aiki, ya hana fuskar dunƙulen hawa mataki na 6. Narkakken ƙarfen ma yana cinye wani kaso na feroksaid tun kafin ya yi ɓarna. Gwaje-gwajen da aka yi da haidurojin a ruwa sun nuna narkewar ta ragu ƙwarai da gaske. Ke nan lalacewar tukunyar ce ke kawo abin da zai tsare makamashin, kuma ba a ganin wannan in an ware dunƙule shi kaɗai a kwalba.

Sai dai bai kamata a saki jiki ba. Wani kaso na ayodin-129 da sesiyom-135 ya riga ya fice daga cikin dunƙulen tun yana injin nukiliya, ya taru a tsage-tsage da ratar da ke tsakaninsa da bututun ƙarfen da aka jera shi a ciki. Ruwa na zuwa zai kwashe su, haidurojin ba ya hana komai a nan. Ayodin-129 yana ɗaukar kimanin shekara miliyan 16 kafin ya ragu da rabi, kuma ba ya maƙalewa sosai a yumɓu ko dutse.