Rahoto ya ce an gama, yarinya ta rubuta 26

Tun da na fara koyarwa a firamare duk ranar Juma'a aikina ɗaya ne kafin a tashi, in ɗauko dayari in rubuta abin da aka yi a satin in kai wa hedimasta ya sa hannu da jan biro. Sati na huɗu, ɗebewa mai aro, an koyar. Shi ke nan. Duk malamin firamare ya san wannan littafin, ya san sikim wato jadawalin abin da za a koyar kowane sati, ya san lesin not wato shirin darasi da malami ke rubutawa, kuma ya san idan safabaiza ya zo daga ofishin ilimi su zai fara cewa a kawo mishi tun kafin ya leƙa aji. Kuma ba ƙarya nake rubutawa ba, na tsaya gaban allo na koyar har muryata ta dushe. Amma dayari labarina yake bayarwa, inda ni na kai. Inda yara hamsin da wani abu suka kai kuwa babu shafinsa a ciki, sai ƙarshen zango in an yi jarabawa ki zauna kina makin kina salati.

Bara wata ƙungiya ta kawo mana laftof guda ɗaya da tabilet goma sha biyar da ɗan sola na caji, suka saka mana Kolibri. Ga wanda bai san ta ba, manhaja ce ta kyauta, wata ƙungiya a Amurka mai suna Learning Equality ce ta yi ta, kuma abin da ya sa ta dace da irin garinmu shi ne ba ta buƙatar intanet. Laftof ɗin nan shi ne uwa, duk darussan suna cikinsa, tabilet ɗin suna haɗuwa da shi ta wayifai na cikin makaranta ko da babu data ko sisi. Akwai lissafin Khan Academy a ciki, akwai labaran African Storybook har da na Hausa, ita kanta manhajar ana iya juya ta zuwa Hausa. Ni a matsayina na malama sai in haɗa darasi, in zaɓi bidiyo ɗaya da atisaye biyu misali, in tura wa aji, kowane yaro ya shiga da sunansa. To daga nan ne rahoto ke fitowa. Ina buɗe shafina zan ga wane bai fara ba, wane ya fara, wane ya gama, wane kuma an rubuta yana buƙatar taimako saboda ya yi ta faɗuwa a tambaya. Zan ga minti nawa yaro ya ɗauka, zan ga tambayoyin da suka fi ba aji wahala an ware su gefe guda, kuma in na danna sunan yaro zan ga amsar da ya bayar a kowace tambaya ɗaya bayan ɗaya.

Wallahi satin farko daɗi ya kama ni sosai. Shekara da shekaru ina koyarwa cikin duhu, yau ga fitila.

Sai dai ba a je ko'ina ba na gane fitilar ma sai an iya riƙe ta. Sati na uku na buɗe rahoton ɗebewa na ga kusan kowa ya gama, raina fes, har na ce Litinin sai mu shiga ninkawa. Ranar Litinin ɗin kafin mu fara na ce bari dai in ɗan gwada su a allo, na rubuta 52 a ɗebe 38, na kira wata yarinya da rahoto ya nuna ta gama komai. Ta zo ta karɓi alli ba tsoro ba komai ta rubuta 26. Na kira wani, 26. Na ce duk wanda ya yarda 26 ne ya ɗaga hannu, hannaye suka tashi fiye da rabin aji. Amsar 14 ce. Kuma in kin duba 26 ɗin nan ba shirme ba ne, akwai hanya a ciki, sun ga 2 da 8 sun ce ba a cire takwas daga biyu sai suka juya suka cire biyu daga takwas ya ba su 6, suka cire uku daga biyar ya ba su 2. Aron ne gaba ɗaya bai shiga ba.

Na koma gida da laftof ɗin, bayan isha'i na zauna na bi rahoton sannu a hankali, wannan karon ban tsaya kan kalmar an gama ba. Na duba lokaci. Atisayen da ni kaina zai ɗauke ni minti biyar, yara da yawa sun gama shi cikin minti biyu ko ƙasa da haka, kuma ba kuskure ko ɗaya. Nan na tuna yadda muke zama, tabilet goma sha biyar ga yara fiye da hamsin, uku uku ko huɗu huɗu a kan guda, kowa ya shiga da sunansa ya yi ya fita ya miƙa wa na kusa. A kowane benci akwai yaro ɗaya mai kai, shi ke raɗa amsa, wani lokacin ma shi ke dannawa don a yi sauri layi ya zo kansa. Bidiyo kuma in an kunna shi ya kai ƙarshe za a rubuta an kalla, ko da yaron yana can yana kallon taga. Manhaja ba ta yi ƙarya ba, abin da aka danna shi ta rubuta, ba ta da idon ganin yatsan waye.

Abin da ya fi tsaya min a rai shi ne yarinyar nan ta farko. Na santa, tana tallar awara da yamma a bakin tasha. Washegari na kira ta gefe na ce idan mutum ya sayi awara ta ɗari uku da tamanin ya ba ki ɗari biyar da ashirin nawa ne canjinsa, kafin in rufe baki ta ce ɗari da arba'in Malama. Lissafin nan fa shi ne dai 52 a ɗebe 38, sifili kawai aka ƙara. Ashe ta iya ɗebewa sarai, a kanta take yi kullum kuma ba a taɓa cutarta ba, abin da ba ta gane ba shi ne yadda ake jera shi a takarda. Sai na sa aka kawo min tsinken tsintsiya muka ɗaure goma goma da kyauro, ɗauri biyar da tsinke biyu, na ce ba ni talatin da takwas. Ta duba ta ga tsinke biyu ba za su ba da takwas ba, da kanta ta kwance ɗauri ɗaya. Na ce to wannan kwancewar da kika yi ita ce aro, kamar ki je shago a yi miki canji. Ta yi shiru ta kalli allo ta kalli tsinken, sai ta ce au. Wannan au ɗin babu rahoton da zai nuna min shi, amma kuma ba don rahoton ya nuna min minti biyun nan ba da ban san inda zan tona ba.

Daga nan na canza tsari. Na raba aji uku, kashi ɗaya na kan tabilet kowa shi kaɗai, kashi ɗaya na aiki a littafi, kashi ɗaya suna gabana a tabarma, bayan minti goma sha biyar a juya. Rahoton ya lalace nan take in ana maganar kyan gani, masu buƙatar taimako suka cika shafi, amma a karon farko abin da nake gani shi ne abin da ke akwai. Har wani abu ya fito da ban taɓa lura da shi ba duk da ina kiran rajista kullum, akwai yara maza huɗu da duk darasin da ya faɗo ranar kasuwar garinmu ba su taɓa fara shi ba, da safe suna nan a amsa suna, bayan tara sun zame sun tafi dako. Yanzu ba na saka sabon abu a ranar, bita kawai muke yi.

To sai maganar ofis. Hedimastanmu mutumin kirki ne kuma yana son aikin, amma shi ma ana tambayarsa daga sama, masu tallafin suna son lamba duk ƙarshen wata. Sai ya fara fitar da kason kowane aji yana mannawa a ofis, aji kaza sun gama kaza cikin ɗari. Ajina ya koma na ƙarshe. Ya kira ni ya ce Malama lafiya kuwa, da ke ce a gaba yanzu kin koma baya, sikim ya ce sati na bakwai a shiga rabawa ke har yanzu kina ɗebewa. Na ce ranka ya daɗe ina roƙon alfarma ɗaya, ka zaɓi yara biyar da kanka daga ajina, ka zaɓi biyar daga duk ajin da ka ga dama, ka ba su lissafi uku a takarda ba tabilet. Ya yi, Allah Ya saka mishi da alheri bai ɗauke shi raini ba. Ban tambaye shi me ya gani ba shi ma bai faɗa ba, amma satin da ya biyo takardar ta bar bango. Abin da nake tsoro ke nan dama, duk ranar da aka ce da wannan lambar za a auna malami to malami zai samo lambar, zai tsaya kan yara ya ce ku danna na biyu, ku danna na huɗu, kuma ba mugunta ba ce, kowa na tsoron a kira shi ofis.

Wannan ba matsalar ƙaramar makarantarmu ba ce kaɗai, jihohi ma sun shiga harkar da ƙarfi. Edo ta fara EdoBEST a 2018 zamanin Gwamna Godwin Obaseki, Legas ta yi EKOEXCEL, Kwara ta yi KwaraLEARN, Bayelsa ta yi BayelsaPRIME, nan kusa da mu Jigawa ma ta kawo JigawaUNITE, dukkansu da kamfanin NewGlobe. Nasu tsarin ya bambanta da namu, malami ne ke riƙe da tabilet, darasin a rubuce yake daki-daki yana bi, kuma bayanan suna tafiya sama, a ga ƙarfe nawa ya iso makaranta, a ga darasi nawa ya kammala. Ni ban raina wannan ba ko kaɗan, duk wanda ya san makarantar da malami ke zuwa ƙarfe goma ya tafi sha ɗaya ya san amfanin a san wa ya zo wa bai zo ba. Kuma akwai binciken da Michael Kremer, wanda ya ci kyautar Nobel ta tattalin arziki a 2019, ya yi da abokan aikinsa a makarantun Bridge na Kenya masu irin wannan tsarin, aka fitar a 2022, ya nuna yaran firamare sun koyi abin da ya kusa na shekara uku cikin shekara biyu. Amma a lura, yaran aka yi wa jarabawa kafin a faɗi haka, ba adadin darasin da malami ya kammala aka ƙirga ba. Fatana duk mai zama a ofis yana kallon allon nan ya riƙa tuna wannan.

Bankin Duniya ya ce a 2022 kusan kashi 70 cikin ɗari na yara 'yan shekara goma a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi da matsakaita ba sa iya karanta ɗan gajeren rubutu su fahimta, a Afirka kudu da Sahara ma abin ya kusa tara cikin goma. Da yawansu fa suna makaranta, kuma na tabbata dayarin malamansu cike yake da an koyar an koyar da sa hannun hedimasta. Shi ya sa tsarin nan na koyar da yaro daidai matakinsa, wanda ƙungiyar Pratham ta Indiya ta faro kuma aka gwada shi a Wudil da Dawakin Tofa, yake burge ni, su ba ruwansu da aji nawa kake, za a zaunar da kai kai kaɗai a ba ka harafi, a ba ka kalma, a ba ka ɗebewa, inda ka tsaya daga nan za a ɗauke ka. Na aro wannan, duk sati biyu ina zaunar da yara goma ɗaya bayan ɗaya da takarda da fensir, in kwatanta da abin da rahoto ya ce. In sun yi daidai alhamdu lillahi, in sun saɓa takardar nake bi.

Iyaye kuma, ranar taro na nuna wa mahaifiyar yarinyar nan shafin 'yarta, ba ta yi boko ba amma da na ce nan ta faɗi sau huɗu nan kuma ta ci biyar a jere ta gane tsaf, ta ce Malama to a bar min ita ta riƙa zuwa bitar safe, tallar ta jira yamma. Wani malami ya kawo shawarar a riƙa tura hoton rahoton a guruf ɗin WhatsApp na iyaye, na ce a'a gaskiya, sunan ɗan mutum da alamar yana buƙatar taimako ya shiga wayar gari gaba ɗaya, gobe a tsokane shi a hanya ko a zane shi a gida, ba da ni ba. Kowane uba ko uwa su zo su ga na ɗansu.

Jiya Juma'a na cika dayari kamar kullum, sati na tara, ninkawa da lamba ɗaya, an koyar, hedimasta ya sa hannu. Da daddare na buɗe laftof, saura yara bakwai a ɗebewa mai aro, uku daga cikinsu 'yan dakon nan ne. Na rubuta sunayensu a bayan lesin not ɗina, Litinin in Allah Ya kai mu su za su fara zama a tabarma, na kuma ce wa monita ya zo min da sabuwar tsintsiya don tsinkayen wancan karon duk sun kakkarye.