Warin da ya ƙi barin mota: inda yake ɓuya da yadda ake fitar da shi

Motar da ta wuni a rana da gilasai a rufe ba ta iya ɓoye warinta. Saboda haka azahar ce lokacin bincike, ba sanyin safiya ba. Kafin ka fara, kwashe duk wani turare da ke ciki, na ratayawa a madubi da na fesawa, ka kuma daina turara ta da turaren wuta na kwana biyu. Turare ba ya kashe wari. Lulluɓe shi kawai yake yi, idan suka gauraya kuma sai a sami wani abu na uku mai sa ciwon kai.

Bahaushe ya riga ya rarrabe wari, kuma rarrabewar tana rage rabin aikin. Ƙarni na nuna jini, kifi ko nono. Zarni fitsari ne, na yaro ko na ɓera. Ɗoyi mushe ne ko abincin da ya ruɓe. Ƙauri wani abu ne ke ƙonewa. Warin rima, irin na ɗakin da aka rufe duk damina, ruwa ne ya kwanta a wani wuri. Sai ka lura da lokacin da yake tasowa: mota na kashe, ko sai an kunna AC, ko sai ana tafiya?

Akwai waɗanda ba na wanki ba ne, na bakanike ne, kuma ba a jinkiri da su. Warin fetur da ke ƙaruwa bayan an cika tanki yawanci daga robar murfin famfon mai yake, wanda a motoci da yawa yana ƙarƙashin kujerar baya, ko kuma wani tiyo ya tsage. Warin ruɓaɓɓen ƙwai yana fitowa daga abin nan na cikin salansa da kanikawa ke kira indomi, ko daga batirin da caji ya yi wa yawa yana tafasa. Ƙamshi mai ɗan zaƙi-zaƙi tare da gumi a gilashin gaba daga ciki, ruwan lagireto ne ke yoyo daga hita a cikin dashbod. Warin hayaƙin salansa a cikin mota shi ne mafi haɗari, domin yana tafe da iskar kabon monoksaid, wadda ita kanta ba ta da wari, tana sa jiri da barci, tana kuma kisa. Sauke gilasai ka nufi gareji.

Idan warin sai an kunna AC yake bugowa, musamman a mintin farko, matsalar tana cikin dashbod. Akwai wani ƙaramin lagireto mai sanyi a ciki, ibaforeta, wanda kullum yake naso kamar randa. Ruwan yana taruwa ya fita ta wani ɗan tiyon roba a ƙasan mota, ta gefen mai zaman gaba. Ƙurar hunturu ta haɗu da wannan laima ta zama taɓo, funfuna ta samu gida. Gwajin mai sauƙi ne: bar AC yana aiki minti 10 a tsaye, ka leƙa ƙasa. In babu ɗigon ruwa, mai yiwuwa tiyon ya toshe. A zura masa waya mai laushi ko a hura iska a hankali, ban da ƙarfe mai tsini. Sannan a ciro matatar iskar AC. A Corolla da Camry da ire-irensu tana bayan akwatin dashbod, sai a matse gefunansa biyu ya sauko. Ana cewa a canza ta duk kilomita 15,000 zuwa 20,000, amma a ƙurar Arewa, duk ƙarshen hunturu ya fi dacewa. Akwai kumfar wanke ibaforeta ta gwangwani: a fesa ta tiyon fitar ruwa, a jira kamar minti 15, ta narke ta zubo da dattin. Daga nan ka riƙa kashe maɓallin AC minti 3 zuwa 5 kafin ka isa inda za ka, fanka na ci gaba da aiki, don wurin ya bushe.

Mafi taurin kai shi ne ruwan ƙarƙashin kafet, kuma nan ne aka fi yaudaruwa. Saman kafet zai bushe ƙayau, amma a ƙasansa akwai soso ko auduga mai kauri da ke riƙe ruwa makonni. Taɓawa da hannu ba ta isa ba. Ɗora takardar jarida ka taka da dunduniya, ko ka ɓalle robar bakin ƙofa ka cusa hannu ƙarƙashi. Ka ɗaga safaya ma, ramin da take kwance a but yakan zama ƙaramin kududdufi.

Ruwan daga ina? Sau da yawa daga wurin wankin mota ne, inda yara ke sa tiyo su feshe cikin mota kamar tsakar gida, su goge sama su miƙa maka makulli. Ko ganyen darbejiya ya toshe magudanar da ke ƙasan gilashin gaba, gindin waifa, ruwan sama ya cika ya malalo ciki. Mota mai tagar rufi tana da ƙananan magudanai a kusurwoyin tagar, su ma suna toshewa. Robar ƙofa da ta fitilar baya sukan tsufa. Wani ya zauna ciki, wani ya riƙa zuba ruwa a waje, sashe-sashe daga ƙasa zuwa sama, har a ga inda yake shiga. In kuwa tokumbo ce sabuwar saye, ka ga tsatsa a ƙarafan ƙasan kujera da busasshen taɓo a lungunan da ba a wankewa, akwai alamar ambaliya ta taɓa cinye ta tun a can, kuma warin zai zo da matsalar wayoyi.

Maganinsa a fitar da kujeru. Noti huɗu ne kowace kujerar gaba, galibi lamba 14 a motocin Japan. Amma a fara cire kan batir na nagatif, a jira mintoci kaɗan kafin a zare soket ɗin ƙasan kujera, saboda jakar iskar da ke buɗewa ta kare mutum a lokacin haɗari. A ɗaga kafet, a shanya shi yini biyu a rana mai ƙarfi. Soson da ya yi baƙi ya fara ruɓewa a yar da shi, masu ɗinkin kujera za su yanka sabo. Wanke shi ɓata sabulu ne.

Fura da nono ko kunun da ya zube, da jinin naman Sallah a but, su ma soso suke bi. Jini da ruwan sanyi ake fara wanke shi, ruwan zafi dafa shi yake ya kama zare. A haɗa ruwan khal fari da ruwa, kofi ɗaya da kofi ɗaya, a jiƙa wurin, a bar shi minti 10, a danna tawul a tsotse. Kada a goga, gugar tana faɗaɗa tabon. A maimaita sau biyu ko uku. Idan ya bushe a barbaɗa bekin soda da kauri, ta kwana, a zuƙe da injin shara. Kada a zuba khal da soda lokaci guda, kumfar tana burgewa amma kashe juna suke yi. Khal da bilic kuwa haɗinsu iska mai guba yake fitarwa, balle a cikin mota.

Ɗoyin da ya taso dare ɗaya a motar da ta daɗe a ajiye, ko wadda ke dakon hatsi, ɓera ne. Wurin da ya fi mutuwa shi ne cikin fankar AC, ƙasan dashbod ta gefen mai zaman gaba, kuma za ka ji fankar tana karkarwa. Sukurori uku ne yawanci ke riƙe da ita. A sa safar hannu da takunkumi, domin zazzaɓin Lassa ta fitsari da kashin ɓera yake yaɗuwa. A jiƙa mushen da sheƙarsa da bilic, kashi 1 cikin ruwa kashi 9, minti 5 kafin a ɗauka. Kada a share a bushe, kada a hura da iska. Matatar iska kuma ta tafi bola.

Warin taba yana zama a silin da gilasai. Silin ba ya son ruwa, gam ɗinsa zai saki ya zazzago, don haka tsumma mai ɗan danshi kawai ake shafa masa. Wasu manyan wuraren wanki suna da injin ozon, mai fitar da wata iska da ke kashe wari, wanda ke aiki sosai a kan taba: minti 30 zuwa awa ɗaya, babu kowa a ciki, bayan nan a buɗe ƙofofi aƙalla rabin awa. Yawan amfani da shi yana busar da roba. Gawayi ma yana tsotse ragowar wari bayan an cire tushen. Rabin kwano a cikin tsohuwar safa, a tura ƙasan kowace kujera, a fitar da shi rana duk mako biyu.