Gaisuwar bakin kanti

Lokacin da yaƙi ya ɓarke a Kartum a watan Afrilun 2023, ina aji uku a jami'a, ina karatun akanta. Makaranta ta tsaya, na tattaro na dawo Gadarif, a gabashin Sudan, wajen kawuna. Ya ce tunda na iya lissafi, in zauna a bakin akwatin kuɗin kantinsa, shi kuma ya lallaɓa ciwon gwiwarsa. Gida dai bai zauna ba. Kullum kujerarsa na bakin ƙofa, yana kallon yadda nake yi.

Na zo da halin manyan kantunan birni, inda mai karɓar kuɗi ba ya ko ɗaga kai: ka ajiye kaya, ya buga, ka biya, ka wuce. A ganina wannan ne ƙwarewa. Gaisuwar unguwarmu kuwa ba ta da ƙarshe. Bahaushiya za ta fara da ina kwana, ina gajiya, ya yara, ya zafi. Balarabe zai jero “kef, tamam, inshallah ma fi awaja” har sau uku kafin ya ce sabulu yake so. Ni sai in amsa da “lafiya” ɗaya, idona na kan sikeli.

Wata safiya wata dattijuwa da ta saba sayen sukari da ganyen shayi na mako guda ta ce in ƙulla mata na yini ɗaya. A Sudan ana kiran irin wannan sayen “gadar zurufak”, wato daidai ƙarfinka: cokalin mai, ƙullin sukari, albasa guda. Na ƙulla, na ba ta canji, ta tafi. Kawu ya kira ni.

“Ɗana, me ya sa yau Inna ta rage sayayya?”

“Wallahi ban sani ba, Kawu.”

“Ka tambaye ta mai jiki?”

Ban ma san tana jinya ba. Ashe maigidanta ya yi kwana goma a kwance, kuɗin cefane duk sun tafi magani. Kawu ya sa aka kai mata ragowar kayan, ya ce in rubuta a jarura, littafin bashin nan mai baƙin bango da ba a rasa shi a kowane kantin unguwa. Mace irinta ba za ta buɗe baki ta ce a ba ta bashi ba, kunya ba za ta bari ba. A cikin amsar gaisuwa kaɗai ake jin abin, idan “alhamdulillahi” ɗin ya fito da nauyi.

Daga nan na fara gaisawa da kowa, har na ɗauka na gama koyo. Sai aka kama birnin Wad Madani a watan Disamba, mutane suka kwararo Gadarif, makarantu suka cika da 'yan gudun hijira. Wani magidanci ya shigo sayen adas, wato wani irin ƙaramin wake, na tare shi da fara'a: “Baba, ya gida?” Ya dube ni, ya yi shiru, can ya ce, “Gida yana can.” Na rasa inda zan sa kaina. Har yau idan na tuna sai in ji wani abu ya tokare min ƙirji. Tambayar da na koya da ƙyar ita ce ta fama masa ciwo. Daga ranar, baƙon fuska nakan ce masa sannu da hanya, Allah ya kawo sauƙi, in bar shi ya buɗe zancen da kansa idan ya ga dama. Wasu sun fi son a sallame su shiru, kuma haƙƙinsu ne.

Baban nan ya ci gaba da zuwa. Yawancin ciniki a lokacin ta Bankak ake yi, manhajar Bankin Kartum, saboda takardar kuɗi ta yi wuya. Kafin saƙon biya ya shigo akan ɗan jira, a wannan jiran ne ya riƙa ba ni labari kaɗan-kaɗan: malamin firamare ne, 'ya'yansa huɗu, ɗan'uwansa da ke Jidda ne ke turo masa abin da suke ci.

A farkon Fabrairun 2024 sabis ya ɗauke a kusan duk ƙasar. Ba kira, ba intanet, ba Bankak. Mutum da kuɗinsa a waya amma ba ya iya sayen burodi. Jarura ta dawo da ƙarfinta, sai dai kanti ɗaya ba zai ɗauki gari duka ba, dole a zaɓa. 'Yan unguwa Kawu ya san su tun kakanni. Baƙin kuwa ni nake zama da su.

Ranar da malamin ya shigo, ya tsaya yana jujjuya wayarsa a hannu bai ce komai ba, sai Kawu ya dube ni daga bakin ƙofa.

“Ka san shi?”

“Na san shi, Kawu.”

“To buɗe masa shafi.”

Na auna masa adas da gari da mai, na rubuta sunansa a saman sabon shafi, sannan na tambaye shi ƙaramar 'yarsa da ke fama da tari. Ya ce da sauƙi.