Ɗan littafin da ya cece ni lokacin rubuta memuwar, kundin kammala karatu

Ni dai sai da na kai shekara ta 3 a lisans, wato digiri na farko, kafin na san akwai littafi na koyar da tsarin rubutun jami'a, kuma wallahi da na sani tun farko da ban sha jan biro haka ba. Wata yayata ce ta ba ni nata, fotokopi ne ma, bangon ya yage, duk gefen shafi ta cika shi da rubutu.

Mu nan Damagaram a gida Hausa muke yi, a lakkwal faransanci, to tunanin yana nan a kai amma jera shi ne aiki. Littafin ya nuna mini yadda ake fara gabatarwa, ka kawo maudu'in, ka fito da tambayar da binciken zai amsa, sannan ka faɗi hanyar da za ka bi, a da ni duk cakuɗa su nake yi kamar fura da nono. Wurin da ya fi yi mini amfani shi ne ambaton marubuci, sunan mutum da shekarar bugu a cikin baka biyu ( ), in kuma kalmominsa ka ɗauko sai ka ƙara lambar shafi. Ashe kwafe daga intanet ba ambato sata ce, ni da nake ganin wayo ne.

Abin da bai yi mini ba dai, misalan duk na Faransa ne, ba ko ɗaya kan gero ko kasuwar Dole ta Damagaram. Yanzu yana hannun ƙanena, na ce masa in ya ɓata kar ma ya dawo gida.