Abin da awa 36 na Minot ya koya mini game da tsaron makaman nukiliya

Duk wanda ya karanci harkar tsaron makaman nukiliya ya san labarin Minot, kuma ni a ganina babu darasin da ya kai shi nauyi. A ranar 29 ga Agusta 2007, a sansanin sojin saman Amurka na Minot da ke jihar Dakota ta Arewa, aka loda wa jirgin yaƙi samfurin B-52 makamai masu linzami 12 samfurin AGM-129, shida a ƙarƙashin kowane fiffike. Makaman an daina aiki da su, za a kai su sansanin Barksdale a jihar Luwiziyana. Ƙa'ida ita ce a cire musu kawunan nukiliya tukuna, a sa na bogi. Shida daga ciki ba a cire musu ba. Kowanne yana ɗauke da kai samfurin W80-1, wanda ƙarfinsa kan kai kiloton 150, wato kusan ninki goma na bam ɗin Hiroshima.

Matsalar ta faro ne daga takarda. An sauya jadawalin makaman da za a ɗauka, amma sauyin bai shiga takardar da ma'aikata ke aiki da ita ba, domin sun ajiye tsarin kwamfutar da aka tanada suna bin wata takarda tasu da suka saba da ita. Ga shi kuma masu kawunan gaske da masu na bogi duk a rumbu ɗaya ake ajiye su, kuma daga waje kamarsu ɗaya.

Duk da haka, an tanadi shinge bayan shinge don kama irin wannan kuskure. Masu buɗe rumbu ya kamata su tantance kowane makami kafin a motsa komai. Ba su yi ba. Masu jan tirela ya kamata su haska tocila cikin wata 'yar taga da ke jikin kowane makami, girmanta kamar kan sarkin wasiƙa, su ga abin da ke ciki da idonsu. Sai suka ƙulla tirela suka ja. Ofishin kula da makamai ya kamata ya duba lambar maratayin da makaman ke kai, ya gwada da rajista. Bai duba ba. Na ƙarshe shi ne hafsan jirgin da alhakin duba makamai ke wuyansa kafin tashi. Ya duba na fiffiken dama, ya ga na bogi ne, ya sa hannu. Na gaske suna hagu.

Abin da na ɗauka daga nan shi ne yawan masu dubawa ba ya ƙara tsaro idan kowa ya dogara da ɗan'uwansa. Na farko yana cewa na gaba zai duba, na ƙarshe yana cewa ai na baya sun duba. Shi ya sa dubawa ta gaskiya sai an ga abin da ido, an karanta lamba da baki, an rubuta, kamar babu wanda ya taɓa dubawa. Sa hannu a kan abin da ba ka gani ba ƙarya ce, ko da abin ya zo daidai.

Jirgin ya kwana a filin Minot ba tare da tsaron musamman da ake ba makaman nukiliya ba. Washegari ya tashi, ya sauka Barksdale, ya sake zama kusan awa tara kafin masu sauke kaya su lura da dare. Kusan awa 36 ke nan babu wanda ya san kawunan nukiliya shida sun bar ma'ajiyarsu. Fashewar nukiliya ba ita ce abin tsoro ba, domin makaman na da makullan kariya. Abin tsoron shi ne da jirgin ya faɗi, 'yan kwana-kwana za su shiga wuta ba su san akwai sinadarin fulutoniyam a ciki ba.

Sai batun hukunci, kuma a nan gizo ke saƙar. A Oktoba 2007 aka sauke kwamandoji huɗu, ciki har da Kanar Bruce Emig na Minot, aka kuma janye wa sojoji 65 izinin taɓa makaman nukiliya. Hukuncin ya dace, amma idan ɓera da sata, daddawa ma da wari. Kwamitin Janar Larry Welch, wanda ya yi nazarin lamarin, ya nuna cewa tun bayan Yaƙin Cacar Baka manyan rundunar sojin saman suka mayar da aikin nukiliya saniyar ware, hankali da horo suka koma kan yaƙe-yaƙen da ake yi da makamai na yau da kullum. Ƙaramin soja yana lura da abin da ogansa ya damu da shi, kuma shi yake bi.

A Maris 2008 aka gano cewa tun 2006 an aika wa Taiwan wasu na'urori huɗu na kunna kan Minuteman, makamin nukiliya mai linzami mai cin dogon zango, bisa kuskure a matsayin baturan jirgi mai saukar ungulu. Bayan binciken Admiral Kirkland Donald, a Yuni 2008 Sakataren Tsaro Robert Gates ya sa Sakataren Rundunar Sojin Sama Michael Wynne da Babban Hafsanta Janar Michael Moseley suka ajiye aiki. Babu wanda ya taɓa tirela a cikinsu. Laifinsu shi ne lalacewar ta faru a gabansu ba su tashi tsaye ba. A 2009 aka kafa rundunar da ta haɗa jiragen nukiliya da makamai masu linzami na ƙasa a hannun kwamanda ɗaya, hedikwatarta a Barksdale.

Tsanani ma yana da nasa aibin. A 2014 aka kama hafsoshi da dama masu kula da makaman nukiliya masu linzami a sansanin Malmstrom na jihar Montana da satar amsar jarrabawar wata-wata. Makin cin jarrabawar 90 ne cikin 100, amma hafsoshin sun yi imanin cewa wanda bai ci 100 ba ba zai samu ƙarin girma ba, sai suka riƙa tura wa juna amsa ta waya. An sauke hafsoshi tara daga muƙamansu, kwamandan sansanin ya yi murabus, daga baya kuma aka mayar da sakamakon jarrabawar zuwa ci ko faɗuwa kawai.