Jijiyar da ta yi mini tauri a gefen nono

Sana'ata sarin dankalin Turawa da kabeji a kasuwar Farin Gada da ke Jos, aikin da ba ya rabuwa da ɗaga kaya. Bayan wani yini da na taya yara jan buhuna, sai na fara jin zogi a gefen nonona na hagu, da na shafa kuma na ji wani abu mai tauri ya miƙe a ƙarƙashin fata kamar igiya, tun daga kusa da hammata har ya gangara kan haƙarƙari. Idan na ɗaga hannu sama, fatar wurin takan lotsa ta yi dogon kwari. Babu abin da ya faɗo mini a rai sai sankarar mama.

Yayata ta ce a kira wanzami ya yi tsaga, amma na ce mata, "Yaya, bari dai likita ya fara gani." Likitar da ta duba ni ta bi tsawon abin da yatsa, ta tambaye ni ko an taɓa yi mini tiyata a nono, ko na bugu, ko rigar mamana tana matse ni, sannan ta tura ni sikanin. Hoton ya nuna cewa wata jijiyar jini ce da ke kwance dab da fata ta kumbura, jini ya daskare a cikinta ya daina gudana. Ta ce, "Hajiya, kwantar da hankalinki, ana kiran wannan cutar Mondor." Sunan wani likitan tiyata ne ɗan Faransa, Henri Mondor, wanda ya yi bayaninta a 1939. Ba kasafai ake ganinta ba, ta fi kama mata, kuma yawanci takan warke da kanta cikin mako 4 zuwa 8.

Duk da haka ta sa aka yi mini hoton nono na mamogiram, domin a wasu 'yan lokuta ana samun wannan cuta tare da sankara, kuma a ganina wannan ne dalilin da ya sa bai kamata mace ta yanke wa kanta hukunci a gida ba, ko da ta ji an ce abin ba shi da haɗari. Sakamakona ya fito lafiya.

Maganin bai taka kara ya karya ba. Na sha ibuprofen bayan cin abinci yadda aka rubuta mini, ina gasa wurin da tsumma mai ɗumi safe da yamma, na sauya rigar mama mai ƙarfe da wadda ba ta matsewa, na kuma bar wa yara ɗaukar buhu. Zogin ne ya fara tafiya, taurin kuwa ya daɗe kafin ya saki, abin da ya so ya dame ni ba don likitar ta riga ta faɗa mini haka zai kasance ba. Ta kuma gargaɗe ni da in koma nan take idan wurin ya yi ja da zazzaɓi, ko na ji ƙullutu dabam, ko wani ruwa ya fara fita daga kan nonon.