Kulob ɗin unguwa: inda yara ke zubewa, inda kuɗi ke salwanta

Yawancin ƙungiyoyin ƙwallon unguwa sa'o'in juna ne ke kafa su. Samari ashirin da suka taso a layi ɗaya su yi karo-karo su ɗinka riga, su sami wani mai hali ya zama uban ƙungiya, su ci kofi ɗaya ko biyu. Bayan shekara shida ko bakwai sai aure ya ɗauki huɗu, kasuwa ta ɗauki biyar, gwiwa ta kwantar da biyu, uban ƙungiya kuma ya faɗi zaɓe. Ranar da aka kasa haɗa mutum sha ɗaya ba wanda zai sanar cewa kulob ya mutu. Rigunan dai za su zauna a buhu a ɗakin koci. Duk wanda ya daɗe a wannan harka, a Kano ko Kaduna ko Jos, ya san cewa kulob ɗin da ba shi da yara a ƙasa yana tsufa ne tare da waɗanda suka kafa shi.

Maganin shi ne tsani: rukunin 'yan ƙasa da 11, da 13, da 15, da 17, sannan manya. Kuskuren da ake yi shi ne buɗe su duka a lokaci guda, koci ɗaya yana gudu tsakanin yara tamanin. A fara da rukuni ɗaya na 'yan shekara 11 zuwa 12, yara 18 zuwa 20, a bar su su hau tare, bayan shekara biyu a ɗauki sababbi a ƙarƙashinsu. A shekara ta shida rukunin farko ya isa ƙofar manya, kuma akwai biyu a bayansa. Babba ɗaya bai kamata ya riƙe yara fiye da 16 shi kaɗai ba.

Yaro ɗan shekara goma ba ƙaramin babba ba ne, don haka kayansa da filinsa daban. Ƙwallo mai lamba 4 har zuwa shekara 12, lamba 5 daga 13. Bakwai-bakwai ga 'yan ƙasa da 11, tara-tara ga 'yan ƙasa da 13, a rabin fili da ƙananan raga. Idan aka zuba su sha ɗaya-sha ɗaya a babban fili, mai tsayi ya doka gaba, mai gudu ya bi, sauran su yi minti arba'in suna kallo. Ƙwallo ɗaya ga yara biyu ita ce ƙa'ida, kuma ƙwallaye goma masu araha sun fi guda biyu masu tsada amfani, musamman a filin rani mai tsakuwa da ke cinye fata cikin 'yan makonni. Awa ɗaya da kwata, sau uku a mako, ta isa.

Lokacin atisaye kuwa ba koci ke yanka shi ba, boko da Islamiyya ke yanka shi. Yammacin Alhamis da Juma'a, da ake hutun allo da yawancin Islamiyyu, su ne ginshiƙi, sai a ƙara safiyar Asabar ko Lahadi gwargwadon unguwa. A tashi da sauran rana, yaro ya isa gida kafin kiran magariba. Sau biyu kacal zai makara uba ya ce an bar ƙwallo, kuma uban yana da gaskiya. Takardar amincewar iyaye ba a ba yaro ya kai; koci da wani dattijon kulob su je da ƙafarsu su gaisa da mahaifin, su bar lambar waya. Wannan ziyarar ta minti goma tana riƙe yaro fiye da sabon takalmi. Da azumi a mayar da atisaye mai sauƙi dab da shan ruwa ko a ɗaga shi zuwa bayan tarawihi inda akwai fitila. Daga Maris zuwa Mayu a riƙa tsayawa shan ruwa duk minti 15 zuwa 20.

Samun yara 'yan shekara 11 ba wuya. Ka ajiye ƙwallo a fili za su zo. Inda tulun yake yoyo shi ne tsakanin 14 da 16, kuma dalilan ba su da yawa.

Na farko benci. Yaron da ya zo atisaye sau uku a mako amma ya yi wata biyu bai taka fili ranar wasa ba, ba zai yi gardama ba, zai daina zuwa ne kawai. A rukunan ƙasa da 15 a sa doka a rubuce: duk wanda ya cika atisayen mako zai buga aƙalla rabin wasa. A wasannin sada zumunci a yi yarjejeniya da abokan karawa cewa wanda aka canza zai iya dawowa. Za a rasa wasu wasannin saboda wannan. Kocin da ba zai iya jure a ci shi a wasan 'yan shekara 13 ba, a mayar da shi wurin manya.

Na biyu girma. A wannan shekarun yara biyu sa'o'in juna za su iya bambanta kamar wa da ƙane: ɗaya murya ta buɗe, ɗaya har yanzu ɗan firit. Ido yana bin mai jiki, a ajiye ƙaramin, alhali sau da yawa shi ne mai ƙwaƙwalwar wasan, domin dole ta koya masa sakin ƙwallo da wuri. Wanda ya yi tsayi farat ɗaya kuma yakan rikice na wasu watanni, ƙafa ba ta bin umarni, ga ciwon diddige ko ƙasan gwiwa inda ƙashi ke tsiro. Ba lalaci ba ne. A rage masa tsalle da gudu a busasshiyar ƙasa, a auna tsayin kowa duk wata uku a jikin bango, kada a yanke hukunci a kan yaro a cikin wannan zangon.

Na uku neman abinci da jarrabawa. Wanda aka kai koyon ɗinki ko gareji, ko yake tsaron shagon yayansa a kasuwar Kwari, ba zai iya zuwa sau uku ba. A yarda masa da sau ɗaya da ranar wasa, a je a roƙi ubangidansa wannan yammacin guda. Mai shirin WAEC ko NECO a ba shi hutu da sunan hutu, a ce masa lambarsa na nan. Bambancin "jeka ka dawo" da shiru shi ne ko zai dawo.

Sai ƙaryar shekaru, wadda ake ɗauka dabarar cin kofi ce alhali guba ce ga kulob ɗin kansa. Duk ɗan shekara 19 da aka cusa cikin 'yan ƙasa da 15 ya kori yaro na gaskiya zuwa benci, kuma yaran sun sani, ai unguwarsu ɗaya. Tun gasar duniya ta 'yan ƙasa da 17 da Najeriya ta karɓi baƙunci a 2009, wadda aka buga wasu wasanninta a Kano da Kaduna da Bauchi, ake amfani da hoton asibiti na MRI na wuyan hannu don tantance shekarun 'yan wasa. A 2016 'yan wasa 26 na sansanin Najeriya suka faɗi wannan gwajin dab da karawa da Nijar, Nijar kuma ta fitar da Najeriya, wadda a lokacin ita ke riƙe da kofin duniya. Ranar da yaro ya shiga kulob a karɓi kwafin takardar haihuwa ta Hukumar Ƙidaya da lambar NIN, a duba su da rajistar firamarensa. Wannan ranar haihuwar ita za ta bi shi har ya ajiye takalmi.

Gasar kansila da ta ciyaman, musamman idan zaɓe ya gabato, kan kwashe 'yan wasa da kuɗin mako biyu. Hana su ba ya aiki. Abin da ke aiki shi ne kulob ya kasance yana da jadawalin da ya fi nasu tsawo: gasar hukumar ƙwallo ta jiha, wasannin YSFON, ƙungiyar wasannin matasa ta Najeriya, irin su kofin Ramat, da wasan sada zumunci duk mako biyu. Yara na zama inda ake buga wasa. Kuma manyan kulob su ɗauko uku ko huɗu daga 'yan ƙasa da 17 kowace kaka, ko da akwai ɗan haya a waje da ya fi su yau. In ba haka ba yaran sun gane tsanin bai kai soro ba. Wanda ƙwallon bai karɓe shi ba kuma kada a sake shi: daga cikinsu ake samun mataimakin koci, alƙalin wasa, sakatare da mai kula da kaya.

Yanzu maganar kuɗi, inda aka fi yin asara cikin rashin sani. Ɗan wasan da ba shi da kwantiragi a rubuce mai biyansa fiye da abin da yake kashewa, a dokar FIFA ba ƙwararre ba ne, kuma ba a sayar da shi. Zai iya tafiya. Abin da doka ta tanadar wa kulob ɗin da ya raine shi iri biyu ne.

Na ɗaya kason tarbiyya daga kuɗin ciniki. Duk lokacin da aka sayar da ƙwararren ɗan wasa daga ƙasa zuwa ƙasa yana cikin kwantiragi, ana cire kashi 5 cikin ɗari a raba wa ƙungiyoyin da ya yi wa rajista daga shekara 12 zuwa 23. Shekarun 12 zuwa 15 kowace tana da kashi 0.25, daga 16 zuwa 23 kowace tana da 0.5. Kulob ɗin da ya riƙe yaro daga 12 zuwa 17 yana da kashi 2 ke nan: a cinikin Yuro miliyan 5, Yuro 100,000. Kuma ba sau ɗaya ba. Dubi hanyar Ahmed Musa: daga makarantar ƙwallo ta GBS a Jos, ya ci ƙwallo 18 a Kano Pillars a kakar 2009/2010, ya tafi VVV-Venlo a 2010, CSKA Mosko a 2012, Leicester a 2016, Al-Nassr a 2018. A tafiya irin wannan kowane ciniki yana buɗe ƙofar kason sabuwa. Lissafin ya kuma nuna dalilin da ya sa riƙe yaro ya wuce 15 yake da nauyi: shekara ɗaya a sama ta kai biyu a ƙasa.

Na biyu diyyar horo, wadda ake biya idan yaro ya sa hannu a kwantiraginsa na farko, ko aka canza masa ƙasa, kafin ƙarshen shekarar da ya cika 23. Ana lissafa ta da ajin sabon kulob: a Turai Yuro 90,000 a shekara ga ajin farko, 60,000, 30,000, sai 10,000 ga na huɗu, shekarun 12 zuwa 15 kuma kullum da farashin aji na huɗu. Akwai tarko biyu a nan. Idan yaron ya fara zama ƙwararre a gida, a wani kulob na NPFL, gasar firimiyar Najeriya, misali, diyyar fitarsa waje ta wannan kulob ɗin na ƙarshe ce kaɗai, don haka kafin a ba da takardar sallama a rubuta kason kulob ɗin unguwa daga cinikin gaba, shugabannin biyu su sa hannu. Na biyu, ƙananan ƙungiyoyin Turai kan nemi a yafe diyyar kafin su ɗauki yaro. Wani lokaci yafewar ce kaɗai hanya, amma kada a yafe a banza. A musanya ta da kaso a rubuce, lauya ya karanta. Dillalin da ya zo da takarda cikin gaggawa yana cewa jirgi gobe ne, ko yana neman kuɗin biza daga iyaye, a ba shi ruwa ya sha ya tafi. Dokar FIFA ma ta hana fitar da yaro ƙasa da 18 sai a wasu 'yan yanayi ƙalilan.

Duk wannan kuɗin a kan takarda ɗaya yake tsaye: tarihin rajistar ɗan wasa. Tun Nuwamban 2022 FIFA ke bi da waɗannan kuɗaɗen ta ofishinta na tantance biya, kuma abin da hukumar ƙasa ta shigar a kwamfuta shi ake dubawa. Hoton yaro sanye da rigarka ba hujja ba ne, shaidar mai unguwa ma haka. Kulob ɗin da bai yi rajista da hukumar ƙwallon jiharsa ba, ko ya yi amma bai sabunta lasisin yaran kowace kaka ba, shekarunsa za su fito fanko ko da sunan wani. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Abin da ake buƙata bai fi ƙarfin kowa ba: rajistar kulob da CAC, hukumar rajistar kamfanoni da ƙungiyoyi, asusun banki da sunan kulob mai sa hannun mutum biyu, ba asusun koci ba, fayil ga kowane yaro mai ranar shiga da ranar fita, da rasit ɗin hukuma na kowace shekara, a ɗauki hotonsu a ajiye a waya biyu.

Kada a gina kasafin shekara a kan wannan fata. Yaro ɗaya cikin masu yawa ne zai kai can, kuma bayan shekaru. Ƙwallaye da kuɗin mota da na alƙali su fito daga ƙaramin karo-karon mako na manya da tsofaffin 'yan wasa, da masu shaguna huɗu ko biyar maimakon attajiri ɗaya, a karanta lissafi a bainar jama'a duk wata uku. Amma ko a shekarar da aljihu ya bushe, kuɗin sabunta rajista shi ne na farko da za a biya. Dokar FIFA ta ce idan kulob ɗin da ya raini ɗan wasa ya daina shiga ƙwallon hukuma ko ya rushe, hukumar ƙwallon ƙasa ce za ta karɓi kasonsa.